Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa: yadda ake jan kwale-kwale ba tare da ya kife ba

A yammacin Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zuwa garin Bagwai a kan madatsar ruwa ta Watari da ke Jihar Kano. Akasarin fasinjojinsa ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa taron Mauludi. Bai isa gaɓa ba. Kafin rana ta sake faɗuwa an tsamo gawa 29, hukumomi kuma suka ɗora alhakin a kan lodin da ya wuce kima. Wata shida kafin haka, ranar 26 ga Mayu, wani jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare a Kogin Neja kusa da Warrah, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Kimanin mutum 20 aka ceto da rai.

Bayan kowane irin wannan iftila'i, abu uku ake tattaunawa: yawan lodi, rashin rigar kariya daga nutsewa, da tafiyar dare. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta sha nanata su, kuma gargaɗin nata a kan hanya yake. Sai dai akwai wani mataki da ba a cika waiwayarsa ba, wato ɗan lokacin da ke tsakanin mutuwar inji a tsakiyar ruwa da isowar jirgin bakin gaɓa. A wannan lokaci ne wani jirgi ke zuwa ya ɗaura igiya ya ja. Idan aka ɗaura daidai, abin ya tsaya a ɓata lokaci da kuɗin gyara. Idan aka ɗaura ba daidai ba, jirgin da ya zo ceto na iya kifar da wanda ya zo ceton, wani lokaci ma su tafi tare.

Maganar ta shafi arewa maso yammacin Jigawa ta wata fuska ta daban. Kanya Babba da ke Ƙaramar Hukumar Babura, da Kazaure da Roni da Gwiwa, ba ƙasar manyan koguna ba ce irin Yawuri. Ruwan yankin na madatsu ne, kamar ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, da na Tomas da Gari da ke maƙwabtaka a ɓangaren Kano, sai rafuka da fadamun da ke cika su batse a watan Agusta. Inda kogi ke gudana shekara zagaye, yaro yana tasowa ya ga yadda ake jan jirgi tun bai iya tuƙi ba. A nan kuwa, jirgi mai inji yakan zama baƙo ne da ake kawowa a mota idan ruwa ya raba gari da gari, kamar yadda aka gani a sassan jihar a ambaliyar 2022, wadda ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jika. Irin wannan jirgi sau biyu ake jansa, a kan titi da a cikin ruwa, kowanne kuma da ƙa'idojinsa.

Abin da inji ya sauya a kwale-kwale

Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi ya fara shiga kasuwa sosai ne bayan 1909, lokacin da Ole Evinrude ya ƙera nasa a birnin Milwaukee na Amurka. A kogunan Afirka ta Yamma, samfurin Yamaha Enduro na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, musamman masu ƙarfin doki 15 da 25 da 40. Mai ƙarfin doki 15 nauyinsa na kusantar kilo 40, mai 40 kuwa ya haura kilo 70. Duk wannan nauyi a wuri ɗaya yake rataye, a jikin katakon ƙarshe na bayan jirgi.

Abin da ya bambanta shi da injin mota shi ne, shi ne ke tura jirgi, shi ne kuma sitiyari. Matuƙi na juya injin ɗungurungum ne, farfela ta tura ruwa gefe, sai jirgin ya karkata. Don haka da zarar ya mutu, gudu da sarrafawa suna tafiya a lokaci guda.

Dalilan mutuwarsa sanannu ne ga masu gyara. Fetur na iya ƙarewa ko ya zo gauraye da ruwa. A inji mai shan fetur haɗe da baƙin mai, kuskuren ma'auni na toshe fulogi idan man ya yi yawa, ya kuma ƙona injin idan ya yi kaɗan. Ragar masunta da leda da ciyawar ruwa irin su kacalla da kainuwa suna naɗe farfela. Sannan injin da ruwan da yake ciki yake sanyaya kansa: wata 'yar farfelar roba ce a ƙafarsa ke zuƙo ruwa ta zagaya da shi, ya fito ta wani siririn bututu a baya. Idan laka ko leda ta toshe ƙofar, wannan tsartuwa na ɗaukewa, injin ya ɗau zafi ya tsaya. Ruwan ambaliya da ya ratso gonaki da gidaje ya fi kowane ruwa ɗauke da irin wannan shara.

Mintunan farko

Jirgin da ba ya motsi ba ya tsayawa yana fuskantar inda ya nufa. Iska na juya shi a hankali har ya ba raƙuman ruwa gefensa, inda ya fi rauni. Daga nan sai ya fara tangaɗi, ruwa ya riƙa tsallakowa ciki. Fasinjan da ya firgita yakan miƙe tsaye, idan kuma aka hango jirgin ceto sai kowa ya raja'a gefen da yake tahowa. Kwale-kwale siriri ne, mutum uku ko huɗu da suka koma gefe ɗaya sun isa su nutsar da bakinsa.

Ruwan da ya shiga ciki shi ma lodi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai tsawon mita 6 da faɗin mita 1, idan ruwa ya kwanta masa da zurfin santimita 10 kawai, ya ɗauki ƙarin kilo 600, nauyin manyan buhunan masara shida. Buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa kuwa yana kwarara zuwa duk gefen da jirgin ya karkata ya ƙara danne shi.

Saboda haka aikin farko na matuƙi shi ne ya zaunar da kowa a ƙasan jirgi, a tsakiya. Na biyu, a sa filafili a juya goshin jirgin ya fuskanci iska. Na uku, a fara kwalfe ruwa tun yana kaɗan. Idan akwai ƙarfe ko dutsen da za a jefa don tsayar da jirgin, ta goshi ake jefa shi. Jefa shi ta baya na juya gindin jirgi ya fuskanci raƙuman ruwa, alhali dama nauyin inji ya riga ya danne wurin.

Sauya wa fasinjoji jirgi a tsakiyar ruwa na cikin matakai mafi haɗari, domin dole mutane su miƙe su taka bakin jirgi. Muddin jirgin da ya lalace ba ya shan ruwa fiye da yadda ake iya kwalfewa, ya fi aminci a bar mutane zaune a ja su a haka.

Inda ake ɗaura igiya

A jirgin da za a ja, igiya na zuwa ne goshi, a tsakiya, kuma can ƙasa kusa da fuskar ruwa. Jiragen roba da na ƙarfe na zamani suna da wani zobe a wannan wuri domin wannan aiki. A kwale-kwalen katako da ba shi da zobe, ana neman katako mafi ƙarfi na goshi ne a zarga. Bencin zama ba wurin ɗauri ba ne, ƙusoshi ne kawai suka riƙe shi. Igiyar da aka ɗaura a sama na danna goshi cikin ruwa, wadda aka ɗaura a gefe kuwa na jan jirgin a karkace har ya kwanta.

A jirgin da ke ja, matsalar ita ce inji ya tare tsakiyar baya. Idan aka ɗaura igiya a kusurwa ɗaya, jirgin zai riƙa karkata can, matuƙi ya yi ta kokawa da shi. Abin da ake yi shi ne a samo gajeriyar igiya a ɗaura kanta ɗaya a kusurwar dama, ɗayan a ta hagu, ta zagayo bayan inji da ɗan sako-sako, sannan a zarga doguwar igiyar a tsakiyarta, su ba da siffar gwafa. Ta haka nauyin na rabuwa biyu, farfela kuma ta tsira daga naɗewa. Ba a ɗaura igiya a jikin injin kansa. Sukurori biyu ne ke riƙe da ƙananan injuna, fisga ɗaya na iya tuge shi ya faɗa ruwa.

Irin igiyar ma abin dubawa ne. Ta nailan tana miƙewa kamar roba, abin da ke rage ƙarfin fisga, amma idan ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da zai iya fasa ido ko karya ƙashi, kuma tana nutsewa a ruwa. Igiyar roba mai launi da ake ɗaure kaya da ita a kasuwa tana yawo a saman ruwa, wanda ke nesanta ta da farfela, sai dai rana na cinye ta. Wadda ta koɗe ta fara gashi ba ta da sauran ƙarfin jan jirgi mai mutane. Ko wace iri ce, ba a naɗe ta a hannu, ba a zama a saitinta, kuma a kowane jirgi ana ajiye mutum ɗaya da wuƙa mai kaifi wanda zai yanke ta idan abu ya ɓaci.

A ɗaga injin da ya mutu ko a bar shi a ruwa?

Amsar ta danganta da irin ruwan. A ruwa mai zurfi marar ciyawa, an fi barin ƙafar injin a ciki, a saka giya a firi, a daidaita shi tsakiya. Ƙafar na riƙe gindin jirgi ta hana shi kaɗawa dama da hagu, mutum ɗaya kuma na iya riƙe hannun injin ya ɗan bi da jirgin sawun na gaba. Idan aka bar shi ya langaɓe gefe ɗaya, jirgin zai yi ta fita daga layi yana fisgar igiya.

A ruwa marar zurfi, ko inda ake da kututture da ciyawa da shingen gona da ambaliya ta rufe, ɗaga shi ake yi a kulle, don kada ƙafar ta daki wani abu ta karye ko ta tsayar da jirgin farat ɗaya. Sai dai jirgin da aka ɗage wa inji ya fi saurin kaɗawa. Maganinsa shi ne a ɗan matsar da fasinjoji da kaya baya kaɗan don goshi ya yi sauƙi ya ɗaga, sannan wani ya sa filafili a ruwa ta baya ya zama sitiyari. Jirgin da goshinsa ya nutse yana sarar ruwa ne ya kauce gefe, igiya ta fisgo shi ya kauce ɗaya gefen, kowace kaucewa ta fi ta baya faɗi. Matuƙin da ya ga haka ya rage wuta nan take, domin matakin da ke biye shi ne kifewa.

Tsawon igiya da gudu

A sarari, doguwar igiya ta fi gajera. Tsawon jirgi uku zuwa huɗu ko fiye na bai wa na baya damar fita daga ruwan da farfelar na gaba ke tunkuɗowa, nauyin igiyar kanta kuma ya riƙa shanye fisga. Idan akwai raƙuman ruwa, ana daidaita tsawon ta yadda jiragen biyu za su riƙa hawa da sauka tare.

Ana farawa ne da mafi ƙarancin wuta har igiya ta miƙe, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Jirgin da ke tafiya yana keta ruwa, ba yana zamewa a samansa ba, yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. A lissafin masu ƙera jiragen ruwa, mai tsawon mita 6 ba ya wuce kusan kilomita 11 a sa'a ba tare da gindinsa ya fara nutsewa ba. Mai ɗauke da mutane kuma ba a kai shi kusa da wannan iyaka, saurin mutum mai sassarfa ya wadatar. Kwana ma da faɗi ake shan ta. Idan igiya ta koma tana jan jirgin gaba ta gefensa, tana iya kwantar da shi, haɗarin da hatta manyan jiragen jan kaya a tashoshin teku suke tsoro.

A ruwa mai gudu, kamar rafin da ya cika bayan ruwan sama, ba a nufar gaɓar tsallake kai tsaye. Ana ɗan fuskantar inda ruwan ke fitowa ne, a bar shi ya riƙa gangaro da jiragen a hankali zuwa mashigin da ake so. Ana kuma nisantar bakin gada da kwalbati da magudanar madatsa, inda ruwa ke zuƙa.

Jirgin baya ba shi da birki. Idan na gaba ya tsaya kwatsam, zai zo ya daki injinsa, igiyar da ta saki kuma ta faɗa wa farfela. Shi ya sa idan aka kusa gaɓa, inda ruwa ya kwanta, ake rage igiya ko a jawo jirgin a ɗaure shi kafaɗa da kafaɗa da mai ja, da tsofaffin tayoyi a tsakani. Mai inji na ɗan komawa baya ta yadda farfelarsa za ta wuce gindin ɗayan, in ba haka ba ba zai iya juya su ba.

Akwai jirgin da ba a ja. Wanda ya cika da ruwa har baki nauyinsa ya kai tan-tan, domin kowace murabba'in mita mai zurfin mita ɗaya na ruwa tan guda ce. Ƙaramin jirgin da ya ɗaure kansa da irin wannan na iya nutsar da gindinsa. A nan mutane ake kwashewa, ɗaya bayan ɗaya, a bar katako sai daga baya.

Jan farko: a kan titi

Jirgin ceto da aka taso da shi daga Dutse ko Kano zuwa Babura ko Gwiwa yana shafe sa'o'i a hanya, ƙarshenta kuma sau da yawa burji ne mai gargada. Yana iya isowa bakin ruwa da lahanin da ba a gani.

Idan a kan 'yar amalanke mai taya biyu ake jansa da mota, babban abin lura shi ne injin. Kowane rami da taya ta faɗa, kilo 70 ɗin nan na fisgar katakon baya kamar mai girgiza haƙori. Littattafan da kamfanoni ke haɗowa da injunan suna cewa a bar shi tsaye yadda yake aiki a ruwa idan ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Idan za ta taɓa, a ɗaga shi a tokare ƙafar da ƙarfe ko katako mai ƙarfi zuwa jikin amalanken. Ɗan makullin da ke riƙe inji a ɗage an yi shi ne don jirgin da ke tsaye a bakin gaɓa, girgizar hanya na iya sakinsa.

Dole ne kuma wani kaso na nauyin, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, ya danna wurin da amalanken ya haɗu da mota. Idan nauyi ya rinjaya baya saboda inji da jarkokin mai, amalanken zai fara lilo da zarar mota ta ɗau gudu. Ana ɗaure jirgin ta goshi da ta baya, a kuma saƙala sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin mahaɗar, don su tare ta idan ta kuɓuce.

Inda babu amalanke, a bayan a-kori-kura ko babbar mota ake ɗora jirgin. A nan gara a kwance injin a ajiye shi daban a kan taya ko katifa, kansa ya fi ƙafarsa tudu, don kada ragowar ruwa ya gangaro cikin silinda. Injin da baƙin mansa ke zaune a cikinsa kamar na mota yana da gefe guda da aka yarda a kwantar da shi, kuskure na sa man ya malale inda bai kamata ba, ya ƙi tashi. Ana cire tiyon fetur, ba a kuma cika tanki har wuya, domin zafin rana na kumbura shi.

A bakin ruwa, abu uku ke jawo asara. Na farko, manta mayar da toshiyar ramin da ake zubar da ruwa a gindin jirgi, wadda ake cirewa a hanya. Na biyu, tsoma tayoyin amalanke a ruwa boris na da zafi, sai ya zuƙi ruwa giris ya lalace. Na uku shi ne tayar da inji a tudu don a gwada lafiyarsa. 'Yar farfelar robar nan ba ta jure aiki a bushe, cikin ƙasa da minti ɗaya tana iya ƙonewa. Injin zai tashi lafiya a gaban jama'a, ya ɗauki mutane, ya je tsakiyar ruwa ya ɗau zafi ya mutu.

Abin da ya rage wa hukumomi

A Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku, wadda NIWA ke ƙarƙashinta, watanni biyu bayan kifewar jirgin 'yan biki a yankin Patigi na Jihar Kwara da ya ci rayuka fiye da 100. Tun daga lokacin ana yawan jin labarin rabon rigunan kariya da jirage ga al'ummomin bakin ruwa. Jirgi da inji su ne ke cin kuɗi. Kayan da ke tabbatar da dawowarsu gaɓa kuwa ba su kai su tsada ba: doguwar igiya mai kauri, gajeriya ta gwafa, wuƙa, filafili biyu, bokitin kwalfe ruwa, fulogi na ajiya, tocila da usur.

Ragowar kuma horo ne. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watan Agusta, lokacin da hadari ke haɗuwa da la'asar ruwa na gudu a kan gonaki, ba lokacin koyon ɗaurin igiya ba ne. Madatsar Kazaure na nan da ruwanta a kwance tsawon rani. Hukumar agajin gaggawa ta jiha da ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa na iya tara masunta da sarakunan ruwa da matasan sa-kai a wurin, da jirage biyu da igiya ɗaya, a kashe injin ɗaya da gangan a ja shi zuwa gaɓa, a maimaita har kowa ya san inda zai ɗaura, inda zai zauna, da lokacin da zai sa wuƙa.